Sukudireba ta huda fuskar sifikar mota: faci zai wadatar ko sai an sauya?

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin sauti a cikin mota. Na sayi sababbin sifikoki guda biyu masu faɗin inci 6.5 domin ƙofofin gaba, na kai wa mai wayarin ya ɗaura mini, to a wajen ɗaure kusa ta ƙarshe sai sukudireba ta kuɓuce wa yaronsa, ta soki fuskar sifikar da ke ɓangaren direba, wato wannan wurin mai siffar mazurari da ke rawa idan sauti yana fita. Hujin bai fi ƙwayar dawa ba, amma akwai 'yar tsaga da ta taso daga gefensa, tsawonta ya kusa santimita 1. Mai shagon ya ba ni haƙuri, ya ce zai ɗiga mata sufagulu a wuce wurin, ni kuwa na ce a dakata tukuna, domin ban san ko wannan gam ɗin gyara zai yi ko ƙara ɓarna ba.

A halin yanzu sifikar tana aiki. Idan ana sauraren labarai ko karatu ba na jin bambanci tsakaninta da 'yar'uwarta ta ɗaya ƙofar, amma da zarar an sa kiɗa mai ganga aka ƙara murya, sai in riƙa jin wata 'yar karkarwa tana biyo bayan kowane bugu. Na koma inda na saya, suka ce ba a sayar da ƙwaya ɗaya, sai dai bibbiyu. Abin da nake son sani shi ne ko tsagar za ta ci gaba idan aka bar ta haka, da kuma irin gam ɗin da ya dace da wannan aiki wanda za a iya samu a nan Sakkwato ba tare da an aika Kano ko Legas ba. Na gode.

Tsohon mai gyaran rediyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi daidai da ka hana a ɗiga sufagulu. Aibinsa biyu ne a wannan aikin. Idan ya bushe ƙandarewa yake yi, ba ya lanƙwasa ko kaɗan, alhali fuskar sifika tana kai da komowa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda, saboda haka iyakar da ke tsakanin wurin da ya ƙandare da wurin da yake da laushi ita ce za ta zama sabuwar tsaga. Ban da haka kuma ruwa-ruwa ne, yana gangarawa, kuma idan ɗigo ɗaya ya bi gangaren fuskar ya isa wuyan sifika inda kwayil yake, wato naɗin siririyar wayar da ke motsa fuskar, to an gama da ita, babu mai gyaran da zai iya ɓamɓare shi daga can.

Kafin a yi zancen gam, a fara tabbatar da cewa ɓarnar ta tsaya a kan hujin. Ka sa a kwance sifikar daga ƙofa, ka ajiye ta a kan tebur fuskarta tana sama, ka buɗe yatsunka ka ɗora su kewaye da tsakiyarta yadda nauyin hannunka zai rabu daidai, sannan ka danna a hankali ka saki. Idan ta shiga ta fito sumul, babu motsin komai, to kwayil ɗinka lafiya yake. Idan kuwa ka ji ƙarar gurza kamar akwai yashi a ciki, wannan alama ce sukar ta karkatar da kwayil yana gogar ƙarfen maganaɗisu, kuma faci ba zai magance wannan ba. Bayan haka ka samu batirin tocila mai bolt 1.5 ka taɓa kawunansa da kunnuwan wayar sifikar na ɗan lokaci kaɗan, za ka ji ta ce tas, ka ga fuskar ta yi tsalle waje ko ciki. Mai mita kuma ya auna maka: yawancin sifikokin mota om 4 ne a rubuce (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki), mita kuwa takan nuna ƙasa da haka kaɗan, wajen 3.2 zuwa 3.6, kuma wannan ba laifi ba ne.

Sai kuma wurin da hujin ya faɗa, domin shi ke yanke hukunci. Hujin da ke tsakiyar fili, nesa da gefe kuma nesa da wuya, shi ne mafi sauƙi. Wanda ya sami zoben roba ko na soso da ke kewaye da bakin sifika ya fi wuya, domin nan ne wurin da ya fi ko'ina lanƙwasa. Mafi muni shi ne wanda ya kusanci wuya, inda siraran wayoyi biyu masu saƙa suke shiga su haɗu da kwayil.

Idan fuskar takarda ce, ga yadda muke yi tun zamanin manyan rediyoyin katako. Za ka bi ta baya da tsinken sakace ka mayar da ɓurɓushin takardar da sukudireba ta tura ciki, har leɓunan hujin su koma kusa da juna, kada ka yanke komai ka yar. Ka sami farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, ka sirka shi da ruwa kimanin rabi da rabi. Abin facin da na fi amincewa da shi shi ne takardar jakar ganyen shayi, a zazzage ganyen a wanke ta a shanya, domin siririya ce, ba ta da nauyi, kuma ba ta ruɓewa idan ta jiƙe kamar yadda tishu yake yi. Da hannu za ka yage ta, ba da almakashi ba, saboda gefen da aka yaga yana da gashi-gashi da ke narkewa cikin gam ya kwanta, shi kuwa wanda aka yanka yakan bar tudu mai kaifi da ke ɗagowa daga baya. Facin ya zarce hujin da ƙarshen tsagar da kamar milimita 5 ta kowane gefe. A shafa gam kaɗan ta baya, a ɗora takardar, a bi ta da ɗan burushi mai laushi har ta jiƙe ta lafe, sannan a shafa wani siririn gam ta gaba. A bar ta a inuwa kwana ɗaya cur, a kifa mata kwali saboda ƙurar hunturun nan. Wanda ya yi gaggawar kunnawa tun gam yana ɗanye, shi ne zai dawo ya ce faci ba ya aiki.

Amma ka fara gaya mana ko takarda ce ko roba, domin sifikokin da ake kawowa yanzu da yawansu ba takarda ba ne.

Direban hanyar Illela ya rubuta:

Tare da girmamawa ga Baba, ni a ganina abin bai kai a tsawaita shi haka ba. Sifikar bayan motata ta taɓa hujewa da ƙarfen kayan wani fasinja, na kai wa mai facin taya ya yanko ɗan guntun tsohon tub, ya shafa solushan ya manna, kuma har yau tana nan tana kiɗa tsakanin Sakkwato da Illela ba ta ɓalle ba. A kan hanya, gilasai a sauke, iska tana kaɗawa, inji yana ƙugi, babu kunnen da zai bambance sifikar da aka yi wa faci da wadda ba a yi wa ba. Abin da na fi ganin ya kamata a duba shi ne hakki: tunda a hannun yaron shago ɓarnar ta auku, maigidansa ne ya kamata ya ɗauki nauyin gyaran, ko a raba kuɗin sabuwa tsakaninku.

Ɗan Mabera ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri. Baba, na yi yadda ka ce. An kwance ta, na danna ban ji gurza ba, batir ya motsa ta sosai, mita kuma ta nuna 3.4. Sai dai fuskar ba takarda ba ce, wata roba ce mai santsi da sheƙi, kuma a jikin kwalinta an rubuta cewa folifurofilin ce. Hujin yana cikin fili, tsakaninsa da baƙin zoben gefe akwai kamar faɗin yatsa ɗaya, amma bakin tsagar wajen zoben yake fuskanta. Irin mai 'yar ƙaramar sifika ce a tsakiya a kan sanda. Batun kuɗi kuwa, Malam direba, mun riga mun fahimci juna da mai shagon, ya ce duk abin da aka yanke shi zai yi da hannunsa.

Malamin kimiyya daga Arkilla ya rubuta:

Wannan ƙarin bayanin ya sauya maganar gam gaba ɗaya, amma bari in fara da dalilin da ya sa ba ka jin bambanci a labarai kana ji a ganga, domin a nan ne za a gane abin da ake son facin ya yi.

Tsarin sifikar da muke amfani da ita bai sauya sosai ba tun 1925, lokacin da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka bayyana shi: kwayil na siririyar wayar tagulla yana zaune cikin wani matsattsen rami a tsakiyar maganaɗisu, lantarkin sauti yana tura shi gaba da baya, shi kuma yana jan fuskar, fuskar tana tunkuɗa iska. Fuskar sifika mai inci 6.5 faɗinta ya kai kimanin murabba'in santimita 130 zuwa 140. Huji mai faɗin milimita 4 bai kai kashi ɗaya cikin dubu na wannan ba, saboda haka iskar da ke tserewa ta cikinsa ba abin damuwa ba ce, musamman a ƙofar mota wadda dama cike take da kafofi. Da a ce babbar sifikar but ɗin mota ce da ke cikin rufaffen akwati, da lamarin ya bambanta, domin a can iskar da ke matse a ciki tana cikin aikin, kuma ɗan huji yakan riƙa yin fito. Karkarwar da kake ji daga leɓunan tsagar take fitowa. Muryar mai karanta labarai ba ta motsa fuskar da nisa, ganga kuwa tana tura ta milimitoci da dama, sai leɓunan biyu su riƙa bugun juna. A shekarun 1950 da 1960 akwai makaɗan jita a Amurka da Ingila da suka riƙa huda ko tsaga sifikokinsu da gangan don neman irin wannan gurɓataccen amo, abin da kai kake gudu shi su suke nema. To manufar faci a nan ita ce a ɗaure leɓunan su daina motsi dabam-dabam, a kuma tsare bakin tsagar, domin duk ƙarfin lanƙwasa a kan wannan tsinin yake taruwa, kuma tunda zobe yake fuskanta, can zai nufa.

Wannan ne ya sa ban goyi bayan guntun tub ba, ko da yake na yarda da Malam direba cewa yana iya riƙewa. Duk abin da ke motsi a cikin irin wannan sifika, fuska da kwayil gaba ɗaya, nauyinsa bai wuce gram 10 zuwa 15 ko kusa da haka ba. Idan aka manna mata abu mai kauri a gefe ɗaya, ƙarfin sautinta zai ɗan ragu a kan na 'yar'uwarta, kuma abin da ya fi haka haɗari shi ne nauyin zai riƙa rinjayar ta gefe guda, alhali ratar da ke tsakanin kwayil da ƙarfen da ke kewaye da shi ba ta kai milimita ɗaya ba. Sifikar da aka yi wa faci mai nauyi takan mutu ta wajen kwayil, mai ita kuma ba zai taɓa danganta abin da facin ba.

Ita kuwa folifurofilin, irin robar da ake yin yawancin kujerun biki da ita ce, kuma an zaɓe ta a sifikar mota ne saboda ba ta shan ruwa. Wannan halin nata shi ne kuma ke sa gam ba ya kama ta. Farin gam na kafinta zai bushe a kanta ya ɓare da farce, haka ma Araldite, wanda ga nauyi ga tauri. Abin da na ga ya fi dacewa, kuma ana samunsa wurin masu kayan gyaran mota, shi ne silikon, irin wanda makanikai suke shafa wa gasket. Ba don yana manne wa wannan roba sosai ba, a'a, sai don ana iya sa shi ya riƙe ta wata hanya: a ɗan kankare santsin kewayen hujin gaba da baya da lallausar sanfefa, a goge da auduga mai sifirit, a ɗebi silikon da bakin tsinken ashana a tura shi ya ratsa cikin hujin, sannan a baje shi siriri ta fuskokin biyu. Idan ya ƙame, na gaba da na baya sun zama abu ɗaya ta cikin hujin, ba zai iya fita ta kowane ɓangare ba. A kan tsagar kuma a shimfiɗa ɗan ƙyallen siririn yadi ta baya, wanda silikon zai ratsa zarensa, ya zarce bakin tsagar kamar yadda Baba ya faɗa. A kula da cewa silikon da danshin iska yake ƙamewa, iskar hunturu kuwa busasshiya ce ƙwarai, don haka a ba shi kwana biyu. Idan an sami wanda ba ya warin tsami, ya fi, domin mai warin yana fitar da sinadarin da ke iya sa ƙarfe tsatsa.

Mai wayarin mota daga Runjin Sambo ya rubuta:

Bayanin Malam ya gamsar, ni dai zan ƙara abin da muke gani a cikin ƙofa idan muka buɗe, domin facin da ya yi kyau a kan tebur ba lalle ne ya jure zaman ƙofa ba. Yanzu sanyi ake yi, amma daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, motar da aka ajiye a rana kuwa cikinta yakan wuce 60. A irin wannan zafi salatif yakan zame ya bar danƙo, gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga yakan yi laushi ya saki, silikon kuwa ko gezau, tunda don jikin inji aka yi shi. Da damina kuma ruwa yana bin gilashi ya sauka cikin ƙofa, ya fita ta 'yan kafofin da ke ƙasanta, kuma bayan sifika a wannan ɓangaren mai ruwa yake. Shi ya sa ko a fuskar takarda ce, farin gam ya fi dacewa da sifikar bayan kujera fiye da ta ƙofa. A duba kafofin nan kada ƙasa ta toshe su, a kuma mayar da ledar da ke manne a bayan murfin ƙofa, wadda yaranmu suka saba yagewa su yar suna ganin ba ta da amfani.

Irin taka mai ƙaramar sifika a tsakiya ba ta da hular da ke rufe wuya, akwai 'yar rata kewaye da sandar. Lokacin da ake kankarewa da sanfefa a toshe wannan ratar da tsumma, a kuma kifa sifikar ko a karkata ta yadda garin ba zai gangara ciki ba. Kada a ajiye ta a ƙasan shago ko kusa da inda ake gurza ƙarfe, domin maganaɗisu yana tsince ɓurɓushin ƙarfe daga cikin ƙura, kuma abin da ya shiga ramin kwayil ba ya fitowa.

Shi wannan maganaɗisun ne ma yake jawo yawancin irin wannan ɓarna. Yana fizgar bakin sukudireba a daidai lokacin da hannu ya saki kusa, shi ya sa nake koya wa yarana su fara ɗaura kowace kusa da yatsa, su kuma kare fuskar da tafin ɗaya hannun ko da guntun kwali yayin ɗaurewa. Wajen mayarwa a ɗaure kusoshin a gicciye, kaɗan-kaɗan, kada a ƙure ɗaya kafin sauran, domin firam ɗin gwangwani ne, yana murɗewa ya sa kwayil gurza. Wayoyi kuma kada a juya su. Idan ka taɓa kan batir mai alamar tarawa da kunnen sifika, fuskar ta turo waje, to wannan kunnen shi ne na tarawa. Idan aka juya na ƙofa ɗaya, sifikokin biyu za su riƙa cin amon juna, kaurin sauti ya ɓace, a ɗora wa faci laifin da ba nasa ba.

A gwada ta kafin a mayar da murfin ƙofa. A juya sautin rediyo gaba ɗaya zuwa wannan ƙofar, a sa kiɗan nan da ya saba tayar da karkarwar, a ƙara murya sannu a hankali. Idan babu karkarwa a buɗe amma ta dawo bayan an rufe, to ba sifika ba ce, maɓallan murfin ne da suka karye ko wata waya da ke lilo tana taɓa ƙarfe.

Tsohon mai gyaran rediyo ya rubuta:

Tunda roba ce, a bi hanyar Malamin kimiyya, takardar shayi da farin gam a ajiye wa mai fuskar takarda. Abu ɗaya kawai zan ja wa mai shagon kunne a kai, shi ne yawan silikon. Hannun da ya saba shafa wa gasket yakan matso da yawa, a nan kuwa idan ana iya ganin tudunsa daga nesa, to ya yi yawa, a kwashe tun yana ɗanye. Kada kuma ya taɓa baƙin zoben gefe, domin idan wani sashen zoben ya fi saura tauri, fuskar ba za ta riƙa tafiya a miƙe ba.

Ɗana, kafin a yi facin ka daina ƙure murya, ko ma ka mayar da sautin ɗaya ƙofar, tunda ratar yatsa ɗaya ce ta rage tsakanin tsagar da zobe. Bayan an gama, ka leƙa ta idan zafin bazara ya shiga, ka taɓa gefen facin da farce. In ya fara ɗagowa, ana ɓare shi a sake wani, babu abin da aka rasa. In kuwa ka tarar tsagar ta fito ta ƙarƙashin ƙyallen ta isa inda fuska ta haɗu da zobe, ko ka fara jin gurza idan ka danna, to a nan ne za a sauya, kuma a sauya da irinta sak mai om 4, a ajiye ta biyun da za a haɗo maka da ita a cikin kwalinta.